Yawan ɓarin ciki: Maganin gargajiyar Sin ko asibiti?

Idan mace ta yi ɓari sau uku a jere, masanin maganin gargajiya a ƙasar Sin yakan fara da duba harshenta, sannan ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunta yana jin bugun jini. A fahimtarsu, ƙarfin ƙoda ne ke riƙe ciki. In ya raunana, cikin ya zame. Sanannen haɗinsu shi ne Shou Tai Wan, na wani masanin maganin Sin mai suna Zhang Xichun da ya rasu a 1933. Abu huɗu ne a ciki, har da wani nau'in kauci da kuma ejiao, daskararren romon fatar jaki. Shi ne dai ejiao ɗin da ya sa jakuna suka yi tsada a kasuwanninmu, har Nijar ta hana fitar da su a 2016.

Likitan asibiti kuwa gwajin jini da hoton mahaifa yake bi. Yana neman ciwon suga, matsalar maƙoƙo, saurin daskarewar jini ko sakin bakin mahaifa. Mai saurin daskarewar jini ana ba ta aspirin da allurar heparin mai tsinka jini, bakin mahaifa kuma ɗinke shi ake yi. Sai dai sau da yawa gwajin ba ya nuna komai.

A ganina asibiti ya kamata a fara zuwa, domin binciken da aka yi kan haɗe-haɗen Sinawa bai kai ingancin da za a dogara da shi ba. Wadda ke shan heparin kuma kada ta haɗa da wani tsimi sai ta faɗa wa likitanta, don wasu itatuwan ma suna tsinka jini.