Manhajar kallon tseren NASCAR: hoto garau, amma ta ci amanata a zagayen ƙarshe

Na biya kuɗin wata a wannan manhaja ne saboda makon Daytona 500 na 2025 kawai, wato babban tseren motoci na NASCAR da ake yi a Florida ta Amurka, don ni kallon yadda ake raba wa motoci wuraren tashi ya fi min tseren Lahadin daɗi. Daren Laraba ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Hoto garau, data ba ta zuba ba. A ranar kowace mota ita kaɗai take fita ta zaga filin mai mil 2.5, agogo ne alƙali, kuma duk wannan wahalar gurbi biyu kacal take rabawa, wato sahun gaba. Chase Briscoe ya ɗauki na ɗaya da Toyota, Austin Cindric na biyu. Har na fara yi wa abokai tallar manhajar.

Sai daren Alhamis. Sauran motoci a tsere biyu da ake kira Duel suke samun wurinsu, kowanne zagaye 60, mil 150. Sakamakon na farko shi ke jera layin ciki, na biyu ya jera layin waje. Motoci 36 masu lasisin da ke ba su tabbacin shiga kujerarsu a ajiye take, matsayi kawai suke nema, amma 'yan ci-rani da ba su da lasisin, in ba su yi abin kirki ba sai su tattara nasu ya nasu su koma gida. Shi ya sa ake kallonsa da zuciya a hannu. Ƙarfe bakwai na yamma ake farawa a Florida, ƙarfe ɗayan dare ke nan a nan Kano, ga sanyin hunturu. Tsere na farko na kalle shi lafiya, Bubba Wallace ya ci, Justin Allgaier, ɗaya daga cikin 'yan ci-ranin, ya samu shiga tseren Lahadi.

A zagayen ƙarshe na tsere na biyu, Erik Jones da Cindric kafaɗa da kafaɗa, sai hoto ya daskare. Ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa. Na duba sabis, cike yake, sauran manhajoji duk suna buɗewa. Da ya ga dama ya dawo, an gama komai, ana cewa Cindric ne ya ci alhali allo ya nuna Jones ya riga shi taka layi. Sai da gari ya waye na ji dalili a wani wuri: motoci sun yi karo a baya, an kunna fitilar gargaɗi kafin su kai layi, kuma doka ta ce wanda ke gaba a daidai lokacin da aka kunna ta shi ne ya ci. Bayanin da na hana idona barci don in ji ke nan, shi ne kuma ya wuce ni.

Na yi ƙoƙarin mayar da hoton baya, wai sai wanda ya biya kuɗin babban tsarin manhajar. Haba jama'a! Ba su faɗi haka ba lokacin karɓar kuɗi. Na aika musu saƙo, na'ura ta amsa da cewa in sake kunna wayata.

Ranar Lahadi kam manhajar ba ta tsaya ba, duk da jinkirin ruwan sama, na ga William Byron ya ci karo na biyu a jere. Da tauraro huɗu na yi niyyar ba su, amma da na tuna maganar babban tsarin nan, biyu ma alfarma ce. Na cire katina kafin su sake cirar kuɗi.