Kafin ka sayi ƙaramar tarakta mai bokiti, duba waɗannan tukuna

Duk wanda zai sayi ƙaramar tarakta irin mai bokiti a gaba, tambayar farko da yake yi wa dila ita ce ƙarfin doki nawa ce, sannan kilo nawa take ɗagawa. Toh gaskiya ɗan'uwa in sabon shiga ne kai, ni tambayar da nake so ka fara yi ita ce nawa ne nauyin ita kanta taraktar, kuma ya faɗin tsakanin tayoyinta na baya yake, domin abin da ke kashe mutane a wannan harka kifewa ne, kuma tarakta mara nauyi mai hannun ɗaga bokiti mai ƙarfi ita ce ta fi saurin kifewa.

Mu fara da girma. Akwai 'yan ƙanana sosai irin su Kubota BX da John Deere 1025R, ƙarfinsu bai wuce doki 25 ba, tayoyinsu ƙanana, suna da daɗin shiga lungu a gidan gona ko wajen kwashe kashin kaji. Sai masu bi musu irin su Kubota L2501, wadda ita ma doki kusan 25 ce amma jikinta ya fi nauyi nesa ba kusa ba, ta fi faɗi, tayoyin sun fi girma. Ka ga inji kusan ɗaya amma wajen ɗaukar kaya ba a haɗa su. In aikinka jigilar buhunan taki ne da siminti da yashi kullum, ni dai ta biyun zan ce ka ɗauka ko da za ka ƙara jira ka tara kuɗi. Manyan nan da muka saba gani a gonaki irin Massey Ferguson 375 wani aji ne daban, ba su muke magana ba.

Lambar da ake rubutawa ta ɗaga kaya kuma akwai abin lura a ciki. Kamfanoni sukan ba da lamba biyu, ɗaya a daidai ƙusar da bokitin ke juyawa a kai, ɗaya kuma milimita 500 gaba da ƙusar, kuma ta biyun ita ce ta fi kusa da gaskiyar aiki tunda ba wanda ke ɗora kaya a kan ƙusa. Hannun da ake sa wa L2501 yana ɗaga kilo 500 da 'yan kai a ƙusa, amma in ka matsa gaba sai ya faɗo ƙasa da 400. Ka lissafa da kanka, buhun siminti kilo 50, buhun taki 50, buhun masara 100, duro cike da ruwa lita 200 kilo 200 ne banda nauyin duron. Yashi jiƙaƙƙe kuwa ya fi yadda ido ke gani nauyi sosai, da damina kar ka cika bokiti fal don kawai akwai wuri.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Nauyin baya. Da yawa sukan kashe duk kuɗinsu a kan tarakta da bokiti su manta cewa sai an rataya wani abu mai nauyi a baya kafin a ɗauki kaya a gaba. In ka taɓa ganin amalanken da aka loda wa kaya a baya har jakin ya tashi sama, toh haka abin yake sai dai a juye, kaya a gaba, tayoyin baya su yi sakayau. Matsalar kuma ita ce birkin yawancin ƙananan taraktoci a tayoyin baya yake, don haka in bayan ya yi sakayau a gangara za ka taka birki ka ji tana tafiya abinta. Sannan ƙarfen tayoyin gaba a tsakiya aka maƙala shi yana lilo, ba ya hana ta karkata gefe, tayoyin baya ne kaɗai ke riƙe ta.

Hanyoyin ƙara nauyi uku ne. Na ɗaya a ɗura ruwa a tayoyin baya, wajen kashi uku cikin huɗu, shi ne mafi arha kuma nauyin yana ƙasa-ƙasa inda ake so. A ƙasashen sanyi sai sun haɗa da wani sinadari don kar ya daskare, mu nan ba mu da wannan damuwar, sai dai tsatsa a wili in taya ba ta da tib. Na biyu faifan ƙarfe da ake ɗaurawa a wili, yana da tsada amma ba ruwansa da faci. Na uku kuma akwatin nauyi da ake ratayawa a hannayen nan uku na baya inda ake ɗaura garma, a cika shi da kankare ko duwatsu. Wannan na ukun ya fi sauran wajen aikin bokiti saboda yana bayan tayoyin baya, yana rage wa tayoyin gaba wahala, abin da ruwa a taya ba zai yi ba. Mai walda na iya haɗa maka shi, amma a duba littafin taraktar a ga kilo nawa kamfani ya ce a sa. In da hali ka haɗa ruwa da akwati.

Sai ƙarfen kariya, wannan da ke tsaye kamar ƙofa a bayan kujera, a takarda ROPS ake rubuta shi. Suwidin ce ta fara wajabta shi a kan sabbin taraktoci tun 1959, Amurka ma ta sa doka a 1976. In babu shi kar ka saya, iyakar maganata kenan. Kuma shi da bel ɗin kujera tare suke aiki, in ta kife bel ɗin ne zai riƙe ka a cikin ɗan wurin da ƙarfen ya kare. Rumfar kwano ta kare rana da ake haɗawa a gareji ba kariya ba ce wallahi, lanƙwashewa za ta yi. A nan ne 'yan tokumbon Japan irin tsofaffin Yanmar da Iseki suke da matsala, suna da arha kuma injinsu na da juriya, amma don gonakin shinkafa aka ƙera su, sirara ne, da yawa babu ƙarfen, bokitin ma daga baya wani ya haɗa musu.

Tsakanin mai jan taya biyu da mai jan huɗu, in dai aikin bokiti ne ɗauki mai huɗu. Tsakanin mai giya da kuloci da mai feda wadda ake kira HST, wato wadda da taka feda take tafiya gaba ko baya ba kuloci, mai feda ta fi sauƙi ga sabon hannu tunda za ka iya matsawa a hankali ba fizga, ita kuma mai giya bakanikenmu sun fi saninta kuma gyaranta ya fi arha, sai ka duba wa ke kusa da kai da zai iya gyara. In kayanka buhuna ne a kan katako ka nemi cokulan ɗaukar kaya, wato dogayen ƙarafa biyu da ake zurawa ƙarƙashin katakon, sun fi ɗaure abu da sarƙa a haƙoran bokiti yana reto.

Ranar da ka je gwadawa, ka sa a loda bokitin, a ɗaga shi, a kashe inji a ga ko yana sauka da kansa, in yana sauka akwai yoyo a ciki. Kar ka shafa tiyon man da ke ɗaga bokiti da hannu kana neman inda yake tsiyaya, man yana da ƙarfin huda fata, kwali ake karawa. Kar kowa ya tsaya ƙarƙashin bokiti, kar a ɗauki yara a ciki. Da ka fara tuƙi kuma bokiti ya zauna ƙasa, daidai yadda ba zai taɓa kunya ko dutse ba, kar a ɗaga shi sai an tsaya cak a wuri shimfiɗaɗɗe. A tudu ka hau da gaba ka sauko da baya in akwai kaya, kar ka yanka gangara a karkace, kuma in ka ji tayar baya ɗaya ta fara tashi ka sauke bokitin ƙasa nan take kafin ka yi tunanin komai.