Sharhi: zagayen cikin birnin Kano da ƙafa, daga Ƙofar Mata zuwa Dala

Zagayen na rabin yini ne. Ɗan jagora ɗaya, baƙi shida, a haɗu a Ƙofar Mata da ƙarfe bakwai da rabi na safe, a shiga karofi, a wuce gidan tarihi na Gidan Makama, a ratsa kasuwar Kurmi, a ƙare a kan Dala. Kuɗin da muka biya ya haɗa da ladan jagora da ɗanɗanon abinci a wuri biyar. Bai haɗa da kuɗin shiga gidan tarihi ba, bai kuma haɗa da ɗan ihsanin da ake miƙa wa masu rini ba, kuma wannan sai a bakin ƙofa muka ji shi. Kuɗin dai bai tafi a banza ba. Matsalar tafiyar ɗaya ce babba: an tsara ta bisa taswira, alhali abincin Kano kowanne da lokacinsa.

An fara da koko da ƙosai a bakin titi, kuma jagoran ya iya zaɓe. Ya kai mu wurin mai suyar da ke zuba ƙullu a gabanka, ba wadda ta tara a roba tun asuba ba. Ƙosai mai kyau ana gane shi tun kafin a kai baki: ya tashi, ba nauyi, in ka matsa bai tsiyayar da mai. Wannan daga bugun ƙullu ne da zafin mai. In ba a buga ƙullun ya sha iska ba sai ya fito dunƙule, in kuma man bai yi zafi ba sai ya shanye shi. Ku tsaya a ƙosai uku da rabin kofin koko. Akwai sauran zango huɗu a gaba, kuma wanda ya cika ciki a nan shi ne zai riƙa kallon gurasa yana girgiza kai.

Karofin Ƙofar Mata, wanda ake ƙidaya shekarunsa daga 1498, shi ne wurin da samun ɗan jagora ya fi amfani. Wanda ya shiga shi kaɗai ramuka kawai zai gani, da yawansu ma a bushe, ya ɗauki hoto ya fita. Namu ya fara da gaisuwa, sannu da aiki Baba, ya tambayi iyali, sannan ya nemi izini, sai ga dattijon ya gyara zama yana bayani da kansa. Ana cika rami da ruwa, a zuba toka da katsi, wato lakar gindin ramin rini da aka busar aka ƙona, a sa ganyen baba mai ba da shuɗi, a riƙa motsawa ana barinsa ya ruɓa har makonni kafin ya isa tsoma tufa. Alamar ya nuna ita ce kumfa mai sheƙi a sama da wani wari mai kauri da ba ya ɓoyuwa. Abin da ya fi burge baƙi shi ne fitowar ƙyalle daga ramin: kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi a kan idonka. Shi ya sa ba a jiƙa shi a tafi a bari. A tsoma, a ɗaga, a matse, a sake tsomawa, kuma yawan maimaicin ne ke raba shuɗi mai haske da wanda ya doshi baƙi. Zanen da ke jikin ƙyallen kuwa ba aikin karofi ba ne, mata ne ke ɗaure shi da zare a cikin gida kafin a kawo. Daga baya sai mabuga, inda ake ɗora tufa a kan gungume a yi ta dukanta da gudumar katako har ta yi santsi.

A nan jagoran ya kawo zancen Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin garin na kaiwa har Tarabulus da Timbuktu, kuma zancen ya zauna daidai, don kana tsaye ne a bakin ramin. Ga mai son saye: rinin baba na gaskiya yana ɗan zuba a wankin farko da na biyu, don haka a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi. A tambaya kai tsaye ko na rami ne ko na kanti, domin duka biyun ana shanya su wuri guda.

Daga nan zuwa Gidan Makama tafiya ce ta bakin titi, ba inuwa, ga hayaƙin A Daidaita Sahu. Gidan Sarki daga waje ake kallonsa, ta Ƙofar Kudu. Gidan Makama kuwa, wanda ake dangantawa da Muhammadu Rumfa tun kafin ya hau sarauta a 1463, ya cancanci awa guda, mu minti talatin aka ba mu. Ku ɗaga kai ku dubi rufin, yadda aka jera azara aka tayar da bakan gizo, wato lanƙwasar ginin da ke ɗauke da rufin, ku kuma lura da sanyin da katangar tubali ke riƙewa bayan waje ya fara zafi. A nan ne jagoran ya yi tuntuɓe. Ya ce Rumfa ne ya gina ganuwa. Tarihin sarakunan Kano ya ba Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, fara ginin, Rumfa faɗaɗa ta ya yi ƙarnuka bayan haka. Ya kuma cakuɗa zuwan Wangarawa, malamai daga Mali, a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, da zuwan Shehu Maghili, malami daga Arewacin Afirka, a zamanin Rumfa, kamar ayari ɗaya ne, alhali tsakaninsu ya haura shekara ɗari. Wannan ɗabi'a ce ta masu jagora da yawa a Kano, duk abin da ya tsufa sai a jingina wa Rumfa. Labarin shigowar Turawan Ingila a Fabrairun 1903 kam ya kawo shi tsaf.

Kurmi ita ce zuciyar zagayen, kuma ba na ba baƙo shawarar ya shige ta ba ɗan gari. Lungunan ba su wuce mutum biyu su gifta ba, ga masu baro suna a ba da hanya, lanƙwasa uku kacal ka manta ta inda ka shigo. Mun bi ta 'yan kayan doki, inda ake ɗinka sirdi da linzami da kayan hawan sallah, muka faɗa wajen dukawa, sannan layin kayan yaji: citta, kanumfari, masoro, kimba, da tulin kanwa. Jagoran ya sa aka ɗebo kowanne a tafin hannu, ya ce a shinshina a riƙe ƙamshin, don za a sake haɗuwa da shi a fura da yajin gurasa. Dabara ce mai kyau, ta ɗaure kasuwar da abin da za a ci. Abin da bai taɓo ba shi ne cinikin bayi da aka yi a wannan kasuwa har farkon ƙarni na 20. Sai da aka tambaya ya amsa da jimla ɗaya ya ja mu gaba. Zagayen tarihi da zai yi ta yabon fatake da raƙuma ya tsallake wannan, da sauransa.

Sai gurasa, wadda ita ce dalilin zuwan rabin ayarin. An kai mu wani gida wajen Jakara inda ake gashi. Tanderu tukunyar ƙasa ce babba, a hura wuta a cikinta har jikinta ya ɗau zafi, a fyaɗa ƙullun alkama da hannu a bangon ciki, a rufe. Mintoci kaɗan ta kumbura ta yi ja, a ɓamɓaro ta. In tanderun bai yi zafi ba ƙullun ya sulale ya faɗa toka, in ya zarce kuma bayan ya ƙone cikin da saura. Bandashe kuwa a yayyafa wa gurasar ruwan ɗumi, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a ɗora albasa da tumatir. Sirrin yana wajen ruwan: in ya yi yawa ta caɓe, in ya yi kaɗan ƙulin ya ƙi kama jiki ya shaƙe mutum. Kanawa na danganta gurasa da alkaki da Larabawan Arewacin Afirka, fataken Gadamas da Tarabulus da suka zauna a unguwanni irin su Dandalin Turawa, kuma jin wannan kana riƙe da gurasa mai zafi ya fi duk shekarun da aka lissafo mana a gidan tarihi shiga kai. To amma sha ɗaya ta wuce kafin mu iso, tanderu ɗaya ne kawai da sauran wuta, mutum shida muka raba biyu masu zafi, sauran na safe ne da suka huce. Da an juya tafiyar, a fara da nan a ƙare a karofi, da ba haka ba, tunda masu rini suna bakin aiki har yamma.

Alkakin da aka ba mu na sukari ne, ba na zuma ba, ya kuma kwana biyu. Furar ta yi kyau, an dama ta a gabanmu a ƙwarya, citta ta fito. Mai laulayin ciki ya ce kada a sa masa ƙanƙara, don ba ka san ruwan da aka daskarar ba. Nama kuwa kilishi kawai aka samu, saboda tsire da balangu sai la'asar ta yi sanyi ake hura musu wuta. Duk tallan da ya yi muku alkawarin tsire a zagayen safe, ku tambaya a ina.

Dala aka bari ƙarshe, kusan ƙarfe ɗaya, rana na tsakiyar ka, ciki cike da fura. Biyu daga cikinmu a gindin dutsen suka zauna. Daga sama birni na shimfiɗe gaba ɗaya, ana hango Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci, nan ne kuma muhallin labarin Barbushe, jagoran matsafan Dala na da, da abin bautarsu Tsumburbura, amma ba wanda ke da natsuwar saurare a wannan zafi. Wuri ne na bayan la'asar. Ku nemi a raba muku zagayen gida biyu tun wajen ciniki, safe a yi Jakara da Kurmi da karofi, yamma a hau Dala a sauko a ci tsire. Ku guji Juma'a saboda cunkoson masallaci da rufe rumfuna, ku guji Afrilu saboda zafi da Agusta saboda caɓalin lungu. Disamba da Janairu sun fi, ko da hazo zai rage hangen nesa daga kan dutse. A zo da takalmi rufaffe, da ruwan sha, da canji ƙanana, don mai ƙosai ba ta da lokacin jiran alat. Banɗaki kuma a nema tun a Gidan Makama, domin daga Kurmi zuwa Dala ba a tanadi inda za a tsaya ba.