Aikin Gwamnati a Amurka: Rabon Ganima ko Jarrabawa?

A shekarun 1870, lokacin da layin dogo da masana'antun ƙarfe ke bunƙasa a Amurka, jam'iyyar da ta ci zaɓe ke raba aikin gwamnati kamar ganima. Ma'aikacin kwastan a New York sai ya yanka wa jam'iyya wani abu daga albashinsa, ko a sallame shi.

Tsarin jarrabawa kuwa dokar Pendleton ta 1883 ce ta kawo shi, bayan wani mai neman muƙami ya harbe Shugaba Garfield a 1881. Ni wannan tsarin na fi so, ko da yake da farko kusan kashi 10 cikin 100 na ayyukan tarayya kawai ya shafa. Da kason da ma'aikata ke yanka wa jam'iyya ya ragu, 'yan siyasa suka koma ƙofar masu kamfanoni neman kuɗi.