iNaturalist a Matsayin Ƙamus na Sunayen Namun Daji a Ingilishi da Sifaniyanci

Mai karanta rahoton namun daji daga Kudancin Amurka zai riƙa cin karo da kalmar "tigre", alhali damisar Asiya mai zane-zane ba ta taɓa zama a dazukan nan ba. Mutanen karkara a can jaguwa suke nufi, wato Panthera onca, wadda a Ajantina da Faraguwai ake ce wa "yaguareté". Ƙamus na yau da kullum "tiger" zai ba ka, ka rubuta kuskure hankalinka kwance. A irin wannan wuri ne manhajar iNaturalist ke da rana, ko da yake ba don koyon harshe aka gina ta ba.

An fara ta a 2008 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta zama ƙungiya mai cin gashin kanta a 2023, kuma kyauta ce. Asalin aikinta shi ne a ɗora hoton dabba ko tsiro, masana su tantance shi. Amfaninta ga mai fassara da ɗalibin ilimin dabbobi ya taso ne daga yadda aka tsara sunaye: kowace halitta shafi ɗaya gare ta a ƙarƙashin sunanta na kimiyya, sauran sunayen duk a jikinsa aka rataya su, kowanne da harshensa, da yawansu har da ƙasar da ake faɗarsu.

Saitin ya fi sauƙi a shafin intanet fiye da a waya. A shiga "Account Settings", a zaɓi "Content & Display", a gangara sashen sunaye. Ana iya jera harsuna har uku. A sa Ingilishi da Sifaniyanci, a zaɓa wa Sifaniyancin ƙasa, sannan a sa sunan kimiyya ya riƙa fitowa a gaba. Kada a tsallake zaɓen ƙasar nan, domin nan ake yawan faɗuwa. Baƙar ungulun Amurka, Coragyps atratus, "zopilote" ce a Meziko, "gallinazo" a Kolombiya da Peru, "zamuro" a Benezuwela, "jote" a Ajantina da Cile. A Sifaniya kuwa idan aka ce "buitre", hankali kan tafi ne ga manyan ungulayen can irin su Gyps fulvus, waɗanda ba ma danginsu ɗaya da ta Amurka ba. Ungulun da muka sani a mahauta, Necrosyrtes monachus, ita sunanta a littattafan Sifaniya "alimoche sombrío" ne.

Shi ma Ingilishin ba tsira ya yi ba. "Robin" a Ingila ɗan ƙaramin tsuntsu ne, Erithacus rubecula, wanda Sifaniyawa ke kira "petirrojo". A Amurka wani tsuntsu ne daban da ya fi shi girma nesa ba kusa ba, Turdus migratorius. "Elk", sunan wata babbar dabba mai ƙaho mai rassa, a Turai Alces alces ne, a Amurka Cervus canadensis. Idan ka rubuta irin wannan suna a gurbin bincike, manhajar za ta jero maka duk masu amsa shi da hotunansu, ka ga bambancin da idonka. Don haka hanya mafi aminci mataki uku ce: daga sunan da ke hannunka zuwa sunan kimiyya, a duba taswirar inda dabbar ke rayuwa ko ta dace da ƙasar da rahoton ya fito, sannan a ɗauki sunan ɗaya harshen.

Aibinta ma ba ɓoyayye ba ne. Masu sa kai ne ke shigar da sunaye, saboda haka tsuntsaye da manyan dabbobi sun wadata, amma ƙwari da ciyayi da yawa sunan kimiyya kaɗai za ka tarar. Ba ta nuna jinsin kalma, kuma a Sifaniyanci wannan ba ƙaramin abu ba ne: "águila", wato mikiya, tamace ce amma "el" take ɗauka, sifarta kuma ta mata, shi ya sa ake cewa "el águila pescadora". Ba ta koyar da furuci. Hotuna kuma na cin data.

Kalmomin ilimin muhalli su ne inda ta fi gazawa. Za ta nuna maka matsayin halitta a jerin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, wadda a Sifaniyanci ake rubutawa UICN, kamar CR da aka sa wa ungulunmu tun 2015, wato "En peligro crítico", tana cikin mummunan haɗarin ƙarewa. Amma "humedal" da ke nufin dausayi, ko "cuenca", yankin da ruwansa ke malala cikin kogi ɗaya, ba za ka same su a nan ba. Waɗannan sai a nemi ƙamusan kalmomi irin su AGROVOC na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ko GEMET na Hukumar Muhalli ta Turai, duka biyun suna da harsunan nan kuma kyauta ne. A kula da lambobi kuma: "billón" a rahoton hayaƙin masana'antu tiriliyan ne ba biliyan ba, kuma Sifaniya waƙafi take sawa inda muke sa ɗigo, 1,5 na nufin ɗaya da rabi.