Kalli mai ido inci uku: ragar da ke hana ka ƙananan kifi yau don ka samu manya baɗi

Wanda ya shiga layin masu kayan su a kasuwar Haɗejia zai tarar da ragar roba iri-iri a rataye, mai kama da zaren kugiya, fara ko mai ruwan kore. Wadda muke magana a kai ita ce mai ido inci uku, wato milimita 76, wadda masunta ke aunawa da kusan yatsu huɗu. Wannan ne mafi ƙanƙantar idon da dokar kamun kifi ta ruwayen cikin gida ta 1992 ta amince da shi ga irin wannan raga. Mai shago zai fi tura maka mai yatsu biyu, domin ita ta fi tafiya. Kada ka yarda da abin da aka rubuta a jikin leda. Ja ido ɗaya har ya miƙe ya rufe, ka auna daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa.

Aikinta a ruwa ba laifi. Zaren ba ya shan ruwa, ba ya nauyi, kifi kuma ba ya ganinsa sosai, don haka ta fi tsohuwar ragar zare kamu a ruwa mai haske. Karfasa mai girman tafin hannun babba tana cusa kai ta maƙale a marfin kunne, 'yan yara su wuce abinsu. Tarwaɗa matsakaiciya ma tana shiga. Inda take ba da haushi shi ne kurungu: ƙayarsa na nannaɗe ido uku ko huɗu a lokaci guda, kuma mai gaggawa sai ya tsinka raga kafin ya fitar da shi. Zare mai kaurin milimita 0.20 yana kamu amma ba ya jure wannan. Ga ruwan da kurungu ya yi yawa, ɗauki 0.28 ko abin da ya yi kusa.

Yawancin masu cewa ragar ba ta da kyau, ɗaurinsu ne ya ɓaci. Damin raga mai yadi 100 a miƙe, a kan igiya mai yadi 50 ake ɗaura shi, rabi da rabi ke nan, sai idon ya buɗe daidai. Mai son ya ci riba ya ja shi zuwa yadi 70, raga ta yi tauri kamar shinge, kifi ya buga ya koma. A igiyar sama a jera gutsattsarin tsohon silifas, a ta ƙasa dalma. Dalma ta yi yawa, raga ta kwanta cikin laka. Ta yi kaɗan, ruwa ya tattare ta gefe guda. A saka da yamma, a ɗebe da asuba, musamman lokacin zafi, don kifin da ya mutu a raga ba ya jira.

Rana ce babbar maƙiyiyarta. A shanya ta a inuwa, in ba haka ba zaren ya bushe ya riƙa karyewa a hannu. Sai kacalla, wadda ta cinye hanyoyin ruwa da dama a fadamar Haɗejia zuwa Nguru tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda ambaliya ke zuwa. Raga ta sarƙe a ciki, a yanke a bar guntun. Guntun nan ba ya ruɓewa, yana nan yana kama kifi da tsuntsayen ruwa ba mai ɗiba. A fito da shi ko da ya zama tsumma.

Gaskiyar magana, a makonnin farko kwandon mai wannan raga ba zai kai na maƙwabcinsa mai yatsu biyu ba, balle mai jan gidan sauro. Kuma ragar kaɗai ba ta gyara ruwa. Ƙasashen bakin teku sun gane haka, shi ya sa suke keɓe wuraren da ba a su ko kaɗan. A Kabo Fulmo ta Meziko, wadda aka keɓe a 1995, nauyin kifin wurin ya ninka fiye da sau biyar tsakanin 1999 da 2009, kifin kuma ba ya sanin iyaka, yana fita inda ake kamu. A Disamba 2022 ƙasashen duniya suka amince a Montiriyal su kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da ruwa kafin 2030. Mu nan ba baƙon abu ba ne: Matan Fada ta Argungu a rufe take sai ranar biki. Fadamar Baturiya ta shiga jerin Ramsar, wato jerin fadamu masu muhimmanci a duniya, tun 2008, amma takarda ba ta tsare gurbi, sai sarkin ruwa da masunta sun yarda.

Ƙauyen da ke da gurbi ko ɗaya da ake bari ya huta lokacin da karfasa ke ɗauke da ƙwai a baki, wannan ragar ta cancanci kuɗinta, a saya mai zare mai kauri. Inda kowa ke jan gidan sauro kuwa, mai sayenta shi kaɗai zai sha dariya a bakin ruwa, gara a fara kai maganar zauren sarkin ruwa kafin a je kasuwa.