Neman salsalar mutanen Cornwall: inda za ka sa kuɗinka da inda za ka riƙe aljihunka

Surukata 'yar Cornwall ce, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila inda ƙasa ta tsuke ta kutsa cikin teku. Ranar sunan jikana na fari na jero wa yaron kakanninsa na wajen uba har bakwai, da ka, yadda aka jero mini ina ƙarami. Da na juya na ce, "To 'yata, naku fa?" sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, daga kakar mahaifiyata ban san kowa ba. An dai ce mutanen St Just ne, mahaƙa kuza." Ni kuwa a Bukuru na tashi, gefen kududdufan da haƙar kuza ta bari, kuma cikin Turawan da suka yi wannan aiki a Filato har da mutanen Cornwall. Jin kalmar kuza ya sa na ɗauki aikin a kaina. Shekara uku ke nan ina ciki, na kashe kuɗi inda ya dace, na kuma zubar inda bai dace ba.

Kafin a shiga ciniki, a san hajar. Tun 1538 Thomas Cromwell, a zamanin Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarni kowace gundumar coci ta riƙa rubuta baftisma da ɗaurin aure da binne mamaci. Cornwall na da irin waɗannan tsofaffin gundumomi sama da 200, kodayake ba kowacce ce littafinta ya kai 1538 ba; wasu danshi ya ci, wasu sun yi giɓi a shekarun yaƙin basasa na wajen 1640 zuwa 1660. Daga 1754 zuwa 1837 doka ta tilasta a ɗaura aure a cocin gwamnati, ango da amarya da shaidu su sa hannu ko su yi alama. Daga 1813 aka koma littafi bugagge mai gurabe, ana rubuta sana'ar uba da inda yake zaune, da shekarun mamaci. Ranar 1 ga Yuli 1837 gwamnati ta fara tata rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Duk wanda ke neman kuɗinka a wannan fage, waɗannan littattafai yake sayar maka: ko hotonsu, ko kwafin da wani ya yi, ko kuma hasashen da wani ya ɗora a kansu. Farashin ukun kan yi kama da juna, darajarsu ce ba ɗaya ba.

Ba zan ɓoye ba, zaɓina shafin intanet na Cornwall OPC ne, wato Online Parish Clerks, kuma ko sisi ba a biya. 'Yan sa kai ne suka raba gundumomin a tsakaninsu, kowa ya ɗauki ɗaya ko biyu, suna zaune suna kwafe tsofaffin littattafan layi bayan layi suna zubawa a rumbu guda da kowa zai iya bincikawa. An ce araha ba ta ado, amma a nan karin maganar ta sha ƙasa. Dalili kuwa, da ɗan gari akan ci gari. Mai kwafe littafin gunduma ɗaya shekara da shekaru ya saba da hannun kowane limamin coci da ya riƙe alƙalami a wurin, ya san sunan kowace unguwa da gona, ya san cewa Chenoweth da Chynoweth gida ɗaya ne, Pasco da Pascoe haka. Malamin da ke rubutu a 1760 abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, mai sunan kuwa sau da yawa bai iya karatu ba balle ya gyara masa. Kamar dai a rubuta Muhammadu yau, gobe Mamman, jibi Mahamadou a takardun mutum ɗaya.

Abin da ya ƙara ɗaure ni da su shi ne ba su tsaya a baftisma da aure da jana'iza ba. Akwai sanarwar aure da ake yi a coci Lahadi uku kafin biki, akwai wasiyyoyi, akwai takardun da hukumar gunduma ke rubutawa idan mace ta haihu ba aure don a kama uban ya ciyar, akwai jerin mazan da suka yi rantsuwar biyayya a 1641 da 1642, wanda ke nuna maka a wace gunduma wani suna yake tun kafin littafin baftisma ya taimake ka. Kuma yawancin gundumomin na da mai kula da su wanda za ka iya aika wa saƙo. Na taɓa tambayar wata dattijuwa a cikinsu game da suna guda da ya gagare ni. Bayan kwana huɗu ta amsa da bayanin da ya warware mini wata uku na wahala, ta kuma ƙi karɓar komai. A rubuta musu da ladabi, tambaya ɗaya, da suna da shekara da gunduma. Kar a ce "ku nemo mini dangina duka".

Aibin rumbun OPC ɗaya: kwafi ne, kuma bai game ko'ina ba. Wata gunduma an gama ta, wata an yi rabi. Rashin ganin suna a rumbun ba ya nufin mutumin bai rayu ba. Shi ya sa nake haɗa shi da FamilySearch, na cocin Mormon da ke Amurka, wanda shi ma kyauta ne in ka buɗe asusu. A can akwai hotunan shafukan littattafan Cornwall masu yawa. OPC ya ba ka gunduma da rana, ka je ka buɗe hoton ka gani da idonka. Gani ya kori ji. A gefen shafi ne ake samun abin da mai kwafi kan tsallake: "matar marigayi", "ɗan shekara uku", "ya mutu a rami". Wanda ke son gwada hannu kafin ya shiga na gaske, ya nemi gidan Lander na Truro, gidan Richard Lander da aka haifa a 1804, wanda ya raka Bature mai yawon binciken ƙasa Clapperton har Sakkwato inda Clapperton ya rasu a 1827 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma dawo a 1830 ya bi Kwara daga Bussa har bakin teku.

Manyan shafukan biya, Ancestry da Findmypast, amfaninsu a wurina ƙidayar jama'a ce ta 1841 zuwa 1921 da jerin fasinjojin jiragen ruwa. Wata ɗaya ya isa: ka tara tambayoyinka, ka biya, ka kwashe, ka fita. Ƙungiyar Cornwall Family History Society ta Truro, wadda aka kafa a 1976, ta fi su sauƙin kuɗi, kuma ta yi aiki sosai kan rubutun duwatsun kaburbura. Gwajin ƙwayoyin halitta na yawu zai nemo maka 'yan'uwa a Ostareliya, amma ba zai faɗa maka sunan kowa a 1790 ba.

Ainihin littattafan suna Kresen Kernow a garin Redruth, gidan adana tarihin da aka buɗe a 2019 a harabar tsohon kamfanin giya. In kana Ingila, ka je. Wasiyyoyin da aka tabbatar a kotun cocin Cornwall suna nan. Waɗanda aka kai Exeter kuwa bam ɗin Jamus ya ƙone su a 1942, domin har 1876 Cornwall ƙarƙashin bishop na Exeter take. Duk wanda ya yi maka alkawarin hoton wasiyyar da ta ƙone a can, ka riƙe aljihunka.

Yanzu ga inda aka sare ni, kuma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

St Just biyu ne a Cornwall. Akwai St Just in Penwith can yamma kusa da Land's End, ƙasar ramukan kuza irin su Botallack da Levant. Akwai St Just in Roseland a bakin kogin Fal, tsallaken Falmouth, ƙasar manoma da masu jirgi. Watannina na farko na tarar da wata bishiyar dangi da wani bawan Allah ya kafa a intanet, ga sunan kakar mahaifiyar surukata, ga shekara ta yi daidai, ga St Just. Na kwashe gaba ɗaya, har zuwa 1600 da wani abu, na buga na kai musu ina alfahari. Ashe mutumin ya ɗauki wata yarinya ta Roseland ya liƙa wa iyayen Penwith, kuma mutum fiye da goma sun kwafe kuskurensa, har ya zama kamar gaskiya saboda yawan masu faɗa. Wata bakwai ina bin dangin da ba su haɗa komai da jikana ba. Kunyar komawa in ce wa suruka "waɗancan ba naku ba ne" ta fi asarar lokacin ciwo.

Kuma tarkon ba a St Just kaɗai yake ba. St Ives daban, St Ive daban. Lanteglos biyu ne, na kusa da Fowey da na kusa da Camelford. St Anthony biyu, St Columb babba da ƙarami, St Stephen har uku. Akwai Launceston a Cornwall, akwai a Tasmania, akwai kuma garin Cornwall a Kanada, kuma na'ura ba ta jin kunyar haɗa su. Sunaye ma haka. Kowa ya san sunayen Cornwall masu farawa da Tre da Pol da Pen, wato gida da tafki da kan tudu, amma sunayen da suka fi yawa a ƙasar su ne irin Williams da Thomas da Richards. A gunduma ɗaya za ka iya samun John Williams uku an yi musu baftisma cikin shekara biyu. Iyaye kuma kan mayar wa sabon jariri sunan yayansa da ya mutu, don haka duk baftismar da ka samu, ka duba littafin jana'iza na shekarun da suka biyo baya kafin ka yi murna. Tun daga ranar ma'aunina ya zama ɗaya: in ba za a nuna mini shafin littafin ba, ban saya ba.

Masu tambarin gida sun fi ba ni haushi. Za ka rubuta suna, nan take a fito maka da garkuwa mai zaki da kwalkwali da takarda mai launin tsufa wai tarihin gidanku. Na biya fam 45 aka aiko mini da ita cikin firam. A dokar Ingila tambari na mutum ɗaya ne da magadansa, hukumar College of Arms ta Landan ke bayarwa, ba na duk mai ɗauke da sunan ba ne. Daidai yake da a ce duk mai suna Bello jinin sarautar Sakkwato ne. Mahaƙin kuza da ya sa alamar kuros a littafin aure don bai iya rubuta sunansa ba, ina shi ina garkuwa mai zaki? Daga baya na ga takardar tawa kalma da kalma a ƙarƙashin wani suna daban, farkon kawai aka canja.

Sai dillalan takardar haihuwa. Shafukansu sun yi shigar hukuma, har da kambi a sama, amma abin da suke yi shi ne su karɓi kuɗinka su je ofishin rajista na gwamnati, GRO, su saya su ninka maka. Kai ma kana iya saye kai tsaye. A farashin 2024 cikakkiyar takarda fam 12.50 ce, hoton shafi kuma fam 3 ga shekarun da aka tanada. Jerin sunayen kyauta ne a shafin FreeBMD, kuma na GRO ɗin kansa yana nuna sunan gidan mahaifiya, wanda sau da yawa shi kaɗai kake buƙata. Takardar aure ta bayan 1837 ita ce ta cancanci kuɗi, don tana ɗauke da sunayen iyaye maza da sana'arsu, ita ce gadar da za ta tsallakar da kai zuwa littattafan coci.

A kula da "gwajin kyauta na mako biyu" mai neman lambar kati tun farko. Wani shafi da ba zan ambata ba ya ci gaba da cire mini kuɗi wata biyar ban lura ba. A kula da mai bincike da ya yi alkawarin kai ka 1066, shekarar da mayaƙan Normandy suka ci Ingila. Littattafan da kansu ba su wuce 1538 ba. In dole sai ka ɗauki mai bincike, ka nemi ɗan ƙungiyar AGRA ta ƙwararrun masu binciken salsala, ku yi ciniki a kan awanni, ya kuma ba ka lambar kowace takarda da ya duba, har da waɗanda bai samu komai a ciki ba.

Abubuwa biyu kuma kan sa mutum ya zargi mai gaskiya. Kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila 25 ga Maris take kamawa, don haka jaririn da aka yi wa baftisma a Disamba 1740 aka binne shi a Fabrairu 1740 ba kuskuren mai kwafi ba ne. A ƙidayar 1841 kuma an rage shekarun manya zuwa biyar-biyar, mai 29 ya koma 25.

Mutanen surukata na gaskiya sun ɓace mini daga littafin baftisma na St Just in Penwith wajen 1820, alhali aurensu da jana'izarsu na nan. Na ɗauka hijira suka yi, tunda mahaƙan Cornwall sun watsu zuwa Moonta a Ostareliya da Grass Valley a Kalifoniya da Real del Monte a Meziko, musamman bayan faɗuwar farashin tagulla a 1866. Dattijuwar nan ta OPC ce ta tuna mini cewa tun zuwan mai wa'azi John Wesley a 1743 ɗariƙarsa ta Methodist ta mamaye ƙauyukan mahaƙa, kuma mabiyanta kan kai jarirai ɗakin ibadarsu, aure ne kawai doka ta tilasta musu cocin gwamnati. A littafin Methodist na same su, yara biyar a jere. Daga nan na koma baya har 1771, inda na tsaya a kan mata biyu masu suna Grace, shekara ɗaya, gunduma ɗaya, iyayensu maza duka William. Surukata ta ce in zaɓi ɗaya kawai a wuce wurin. Na ce mata, "'Yata, an yi mini sau ɗaya." Gurbin yana nan fari a takardar jikana, firam ɗin garkuwar kuma na cire zakin na sa hoton ranar suna.